Yadda ake sarrafa saituna wajen rubuta sashen girka fulogin na WordPress

Fulogin wata ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa shafin WordPress don ya yi wani aiki. Na farko da na rubuta wa wani na karɓi kuɗi, aikinsa kawai ya tura wa mai saye saƙon waya idan an haɗa masa kayansa. Mai shafin wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa da leshi ta intanet. Komai ya tafi daidai har ranar da na tura mata gyara, na ce ta kashe fulogin ɗin ta sake kunna shi. Bayan kwana biyu ta kira ni: "Malam, saƙo ya daina fita, kuma lambar shagona ta ɓace daga wurin." Ni na goge ta da hannuna, domin na rubuta kod ɗin yadda duk lokacin da aka kunna shi sai ya mayar da komai kamar ranar da aka fara girkawa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da zarar mai shafi ya taɓa saiti, saitin ya zama nasa. Kai mai rubuta fulogin ajiya aka ba ka.

Lokuta huɗu ne fulogin yake taɓa saituna: kunnawa, sabuntawa, kashewa, da gogewa. Kowanne da hukuncinsa, kuma yawancin ɓarnar da na gani daga cakuɗa su take zuwa. Zan yi misali da wancan fulogin na saƙo, mu kira shi Saƙon Oda.

Kayan aiki

Kana buƙatar WordPress na gwaji a kan kwamfutarka, ta hanyar Local ko XAMPP. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi ko ba taka ba ce, WordPress Playground yana aiki a cikin burauza ba tare da an girka komai ba, sai dai kada ka dogara da shi wajen ajiye aiki. Sai manhajar rubuta kod irin su VS Code, da hanyar leƙa rumbun bayanai, wato phpMyAdmin ko Adminer. WP-CLI, wato hanyar ba WordPress umarni ta rubutu, yana rage wahala sosai, amma ana iya yi ba shi. A cikin fayil ɗin `wp-config.php` na shafin gwaji ka mayar da `WP_DEBUG` da `WP_DEBUG_LOG` zuwa `true`, kurakurai za su riƙa taruwa a `wp-content/debug.log`. Kada ka yi gwaji a shafin mai kasuwa da ke aiki, ko da ya ce ba komai.

1. Rubuta saitunan a takarda, ka raba su gida-gida

Kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauki biro. Jera duk abin da fulogin zai tuna, sannan a gaban kowanne ka rubuta mai shi. A Saƙon Oda akwai abin da mai shago yake zaɓa: lambar shago, sunan da zai fito a saƙo, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa za a riƙa turawa. Akwai abin da fulogin yake ajiye wa kansa, kamar lambar sigarsa. Akwai sirri, wato mabuɗin kamfanin da ke tura saƙon. Akwai kuma abin wucin gadi, kamar ragowar kuɗin saƙo da aka tambayo minti goma da suka wuce. Huɗun nan ba wuri ɗaya ake ajiye su ba. Na wucin gadi `set_transient` ne nasa, yana da wa'adi. Sauran za mu zo kansu.

Abin da WordPress ya riga ya sani kada ka sake tambaya. Yankin lokaci, misali, yana nan a saitin shafin, `wp_timezone` zai ba ka shi.

2. Zaɓi gajeren suna da za ka liƙa wa komai

Saitunan kowane fulogin da ke shafin a tebur ɗaya suke kwana, `wp_options`. Idan ka kira naka `settings` ko `phone`, wata rana za ka yi karo da wani wanda ya yi irin tunaninka, ɗayanku ya rubuta a kan na ɗaya. Ka samo haruffa huɗu ko biyar da ba kowa zai yi tunaninsu ba. Ni na ɗauki `skod_`. Kada ka fara da `wp_`, na WordPress ne.

3. Saitin asali a wuri ɗaya, a cikin kod

Nan ne ginshiƙin aikin. Saitin asali shi ne abin da fulogin zai yi aiki da shi idan mai shafi bai zaɓi komai ba, kuma a fankshin guda ɗaya tak ya kamata ya zauna:

```php
function skod_saitin_asali() {
    return array(
        'lambar_shago' => '',
        'sunan_aikawa' => '',
        'aika_sako'    => 0,
        'awa_farko'    => 8,
        'awa_karshe'   => 20,
        'goge_komai'   => 0,
    );
}

function skod_saiti() {
    $ajiye = get_option( 'skod_saiti', array() );
    return wp_parse_args( $ajiye, skod_saitin_asali() );
}
```

Daga yanzu ko'ina a cikin fulogin, `skod_saiti` za ka kira, ba `get_option` kai tsaye ba. Amfaninsa zai fito ran da ka ƙara sabon saiti a siga ta gaba: wanda ya girka tun bara ba shi da sabon a rumbunsa, amma `wp_parse_args` zai cike masa gurbin daga na asali, ba tare da ya taɓa abin da ya zaɓa ba. Ka dai sani hawa ɗaya kawai yake haɗawa. Idan ka saka jeri a cikin jeri, na cikin ba zai cike shi ba, shi ya sa nake barin saitunana a shimfiɗe.

Duba `aika_sako`, na bar shi a 0. Fulogin da zai ci kuɗin mutum ko ya tura wa abokan cinikinsa saƙo, bai kamata ya fara aiki ba sai mai shi ya ce bismillah. Duk saitin asali ka zaɓi wanda idan an manta da shi ba zai jawo asara ba.

Za ka lura kuma na yi amfani da 0 da 1 maimakon `false` da `true`. Dalili: `get_option` yana dawo da `false` idan bai sami abu ba. Ran da ka ajiye `false` a matsayin saiti mai zaman kansa, ba za ka iya bambanta "ya ce a'a" da "bai taɓa cewa komai ba". Har ma `update_option` ba zai ajiye shi ba idan saitin sabo ne, domin a ganinsa babu abin da ya canza.

Jeri ɗaya ko layi-layi? Ni ina tara zaɓin mai shafi a jeri ɗaya, layi ɗaya a tebur. Ya fi sauƙin gogewa da kwashewa. Lambar siga kuwa ina ware ta daban.

4. Kunnawa: ka ƙara abin da babu, kada ka taɓa abin da ke nan

```php
function skod_kunna() {
    if ( false === get_option( 'skod_saiti' ) ) {
        add_option( 'skod_saiti', skod_saitin_asali() );
        add_option( 'skod_siga', SKOD_SIGA );
    }
}
register_activation_hook( __FILE__, 'skod_kunna' );
```

`SKOD_SIGA` ɗin nan lambar sigar fulogin ce da ka ayyana a cikin kod. Bambancin `add_option` da `update_option` shi ne ya ci ni a labarin mai atamfa. Na farko idan ya tarar da saiti sai ya ƙyale shi. Na biyu yana rubutawa a kai ba tambaya. Mutane suna kashe fulogin su sake kunnawa fiye da yadda kake zato, domin ita ce shawarar farko da ake ba duk wanda shafinsa ya sami matsala: kashe su duka, ka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ka ɗauka cewa kod ɗin kunnawa zai gudana sau goma a shafi ɗaya, kuma na goma bai kamata ya yi abin da na farko bai yi ba.

Kurakurai biyu da sabon hannu yake yi a nan. Na ɗaya, saka `register_activation_hook` a wani fayil na ciki, alhali `__FILE__` dole ya nuna babban fayil ɗin fulogin, in ba haka ba ba zai taɓa gudana ba kuma ba wanda zai gaya maka. Na biyu, fitar da rubutu lokacin kunnawa, ko da `echo` ne ko layin banza bayan alamar rufe PHP. WordPress zai yi ƙorafin cewa fulogin ya fitar da haruffa kaza da ba a zata ba. Mafita mai sauƙi: kada ka rufe PHP a ƙarshen fayil ko kaɗan.

Idan fulogin yana buƙatar wata sigar PHP, ka rubuta `Requires PHP` a kan babban fayil, WordPress da kansa zai hana kunnawa a inda bai dace ba. Tun WordPress 6.5, na shekarar 2024, akwai kuma `Requires Plugins` ga wanda ya dogara da wani fulogin kamar WooCommerce.

5. Sabuntawa: wurin da aka fi faɗuwa

Da yawa suna zaton idan an sabunta fulogin, kod ɗin kunnawa zai sake gudana. Ba ya gudana, tun WordPress 3.1 haka abin yake. Tun 5.5 kuma, a watan Agustan 2020, mai shafi yana iya barin fulogin ya sabunta kansa, wataƙila da tsakar dare ba kowa a kusa. Don haka fulogin da kansa zai riƙa duba ko rumbun bayanai yana daidai da sigar kod ɗin:

```php
function skod_duba_siga() {
    $tsohuwa = get_option( 'skod_siga', '0' );
    if ( version_compare( $tsohuwa, SKOD_SIGA, '>=' ) ) {
        return;
    }
    if ( version_compare( $tsohuwa, '1.2', '<' ) ) {
        skod_kaura_1_2();
    }
    if ( version_compare( $tsohuwa, '2.0', '<' ) ) {
        skod_kaura_2_0();
    }
    update_option( 'skod_siga', SKOD_SIGA );
}
add_action( 'plugins_loaded', 'skod_duba_siga' );
```

Kalli yadda aka jera su kamar matakala. Wanda yake kan 1.0 ya yi shekara biyu bai sabunta ba, sai ya tsallako zuwa 2.0, zai bi ta 1.2 tukuna sannan ya hau ta gaba. Kowace matakala ƙaura ce, wato kod ɗin da ke gyara tsofaffin saituna su dace da sabuwar siga. Kada ka goge tsohuwar ƙaura don ka ga ta tsufa. Akwai shafin da har yanzu bai iso wurin ba.

Lambar siga a ƙarshe ake rubuta ta, bayan an gama ƙaura. Idan ka rubuta ta da farko sannan saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta yanke aikin a tsakiya, fulogin zai ɗauka ya gama alhali rabi aka yi. Idan a ƙarshe take, zai sake gwadawa, wanda hakan ke nufin kowace ƙaura dole ta iya gudana sau biyu ba ɓarna. Misali, a 1.2 na canza sunan `waya` zuwa `lambar_shago`. Ƙaurar tana duba ko `waya` yana nan, idan yana nan ta kwashe abin da ke ciki zuwa sabon suna ta cire tsohon, idan babu ta wuce abinta.

Kada ka kwatanta siga da alamar ƙasa-da ta lissafi. PHP zai ɗauki "1.10" a matsayin ɗaya da ɗigo ɗaya, ya ce "1.9" ta fi ta. `version_compare` ne ya san 10 tana gaba da 9.

Ka ajiye lambar siga tun fitowar farko, ko da kana ganin ba za ka taɓa canza komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka riga ka fitar ba tare da ita ba, '0' ɗin da ke cikin kod ɗin sama ita za ta cece ka, domin tana ɗaukar irin wannan shafi a matsayin mafi tsufa.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan: lokacin sabuntawa WordPress yana goge foldar fulogin gaba ɗaya ya ajiye sabuwa. Duk wanda ya ajiye saiti a wani fayil cikin foldar, ko ya ce wa mai shafi "buɗe fayil kaza ka rubuta lambarka", ya yi shuka a idon makwarwa. Idan dole sai fayil, `wp_upload_dir` zai nuna maka foldar da ba a gogewa, amma ita kuma duk mai adireshin yana iya buɗe abin da ke ciki, ba wurin sirri ba ce.

6. Tace duk abin da aka shigar

Shafin saituna ka gina shi da `register_setting`, ka ba shi fankshin mai tacewa ta `sanitize_callback`, a cikin fom kuma ka kira `settings_fields`, shi ke saka shaidar da ke tabbatar da cewa daga shafin gudanarwa buƙatar ta fito. Shafin kansa ka ɗaure shi da izinin `manage_options`.

Mai tacewa ya fara da abin da ke ajiye, ya karɓi sunayen da ya sani kawai, ya watsar da sauran. Awa ta bi ta `absint`, ka tabbatar ba ta wuce 23 ba. Suna ya bi ta `sanitize_text_field`. Lambar waya kuwa kada ka kuskura ka ɗauke ta lissafi. Lambar da ta fara da 080, idan ta bi ta `absint` sifilin farko zai faɗi, mai +234 kuma alamar za ta tafi. Rubutu ce: cire tazara da karan tsakiya, bar alƙaluma da alamar tarawa. Idan abin da aka shigar bai yi ba, mayar da tsohon, ka sanar da `add_settings_error`. Kada ka ajiye fanko a madadinsa.

Akwatin da ake saka wa alama yana da halinsa. Idan ba a saka masa alama ba, burauza ba ta turo shi ko kaɗan. Saboda haka rashin zuwansa shi ne "a'a", kuma dole ka rubuta 0 da kanka, in ba haka ba mai shafi zai cire alama ya adana, ya dawo ya tarar da ita. Idan shafin saitunanka kashi-kashi ne, ka kula kada adana kashi na biyu ya mayar da akwatunan kashi na ɗaya 0.

Sannan mai tacewa yana iya gudana sau biyu a jere idan saitin bai taɓa kasancewa a rumbu ba. Ka rubuta shi yadda abin da ya riga ya tace idan ya sake bi ta cikinsa zai fito yadda yake.

7. Mabuɗin sirri

Teburin `wp_options` ba ya ɓoye komai, kuma yana tafiya cikin duk kwafin ajiya da aka tura wa wani. Ka ba mai shafi damar saka mabuɗin a `wp-config.php`: idan `SKOD_MABUDI` yana nan, wanda za ka gane da `defined`, shi za a bi, a rufe gurbin da ke shafin saituna. Ga wanda ba zai iya taɓa wannan fayil ba, kuma su ne mafi yawa, ka ajiye shi a saiti na daban. Kada ka sake nuna shi a fom, nuna haruffa huɗun ƙarshe ya isa, kuma idan an bar gurbin fanko ma'anarsa "bar na da". Kada ya shiga `debug.log`, kada kuma naka na gwaji ya bi kod ɗin zuwa GitHub.

8. Kada ka ɗora wa kowane shafi kaya

A teburin `wp_options` akwai gurbi mai suna `autoload`. Duk saitin da aka yi wa wannan alama, WordPress yana ɗauko shi a kowace buɗe shafi, ko ana buƙatarsa ko ba a buƙata. Ga ɗan jerinmu mai abu shida wannan daidai ne. Ga tarihin saƙonni dubu biyar kuwa zalunci ne, musamman a kan saba mai arha da ake rabawa da wasu. Abin da ba kullum ake nema ba, ka ba `add_option` ƙimar `false` a gurbi na huɗu. Tun WordPress 6.6, idan ba ka faɗi komai ba kuma saitin ya haura bayit 150,000, WordPress ba ya ɗauko shi kai tsaye, amma kada ka jira ya yi maka hankali. Abin da ke ƙaruwa kullum tebur nasa yake so, a gina shi da `dbDelta`, mai tsananin son ƙa'ida: kowane gurbi a layinsa, tazara biyu bayan `PRIMARY KEY`.

9. Kashewa daban, gogewa daban

Kashewa hutu ne. Ka tsayar da ayyukan da ka tsara da `wp_clear_scheduled_hook`, ka share na wucin gadi, shi ke nan. Saiti ko ɗaya kada ka taɓa.

Gogewa kuwa a fayil mai suna `uninstall.php` ake yin ta, a bakin foldar fulogin:

```php
<?php
if ( ! defined( 'WP_UNINSTALL_PLUGIN' ) ) {
    exit;
}
$saiti = get_option( 'skod_saiti' );
if ( ! empty( $saiti['goge_komai'] ) ) {
    delete_option( 'skod_saiti' );
    delete_option( 'skod_siga' );
    delete_option( 'skod_mabudi' );
}
```

Layukan farko suna hana wani ya kira fayil ɗin daga waje. Ka tuna a wannan lokaci ba a loda sauran fulogin ɗin ba, fankshin ɗinka ba sa nan sai ka jawo su da kanka.

A nan masu sana'ar sun rabu. Wasu sun ce wanda ya goge ya goge, a share komai. Ni na fi son a tambaya, shi ya sa akwai `goge_komai`, domin na sha ganin wanda ya goge fulogin don kawai ya sake girka shi sabo, yana zaton zai tarar da kayansa. Ko wanne ka zaɓa, ka goge da suna ɗaya-ɗaya. Masu share duk abin da ya fara da wasu haruffa ta umarnin SQL sukan haɗa da na maƙwabci, garin neman gira a rasa ido.

10. Idan shafuka da yawa ne a girki ɗaya

A irin wannan tsari kowane shafi da teburinsa, `wp_2_options`, `wp_3_options`, haka dai. Kod ɗin kunnawa sau ɗaya yake gudana ko da an kunna wa duka, kuma shafin da aka buɗe gobe bai san an yi ba. Idan ka bi mataki na 3 da na 5, rabin matsalar ta warware, tunda kowane shafi zai sami saitin asali daga kod ya kuma duba sigarsa da kansa. Abin da ya shafi kowa, `get_site_option` ne nasa. Wajen gogewa sai ka zaga da `get_sites` da `switch_to_blog`, kana dawowa da `restore_current_blog`, kuma ka sani `get_sites` 100 kawai yake kawowa idan ba ka ce masa ya ƙaro ba.

11. Gwaji kafin ka miƙa

Ga yadda nake bi, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Na girka a sabon shafi, na buɗe ko'ina ban saita komai ba, na duba `debug.log`. Na cika saituna da abin da ya saɓa wa na asali, na kashe, na kunna, na ga ko suna nan. Na girka sigar farko da na taɓa fitarwa, na saita ta, na ɗora sabuwa a kai. Saboda wannan gwajin nake ajiye kowace tsohuwar siga a folda guda. Sai na goge `skod_saiti` da hannu alhali fulogin yana kunne, na ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Da WP-CLI, `wp option get skod_saiti --format=json` yana nuna abin da ke ajiye a kowane mataki. Wanda ba shi da shi ya buɗe teburin a phpMyAdmin ya nemi `skod`.

A can za ka ga jerin ya koma wani rubutu mai kama da `s:5:"Kanti"`. Wannan 5 ɗin adadin bayit ɗin kalmar ne. Idan ka gyara kalmar da hannu, tsawonta ya canza, ba ka gyara lambar ba, jerin gaba ɗaya ya lalace, `get_option` ya kasa karanta shi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, bayit biyu-biyu suke ci, don haka ƙirga haruffa da ido ba zai fitar da kai ba. Irin wannan ne ke faruwa idan an ƙaurar da shafi zuwa sabon adireshi aka canza shi da umarnin SQL kai tsaye. Umarnin WP-CLI na `wp search-replace` ya san yadda ake gyara lambobin, shi za ka yi amfani da shi.

Gwaji na ƙarshe: saka alama a `goge_komai`, goge fulogin, ka sake neman `skod` a cikin teburin. Idan layi ko ɗaya ya fito, koma takardar mataki na 1 ka ga wanda ka manta.